Yadda Ake Ɗinka Littafin Rubutu a Sayar, Ba Tare da An Bar Aikin Albashi Ba

Kafin ka sayi takarda ko ɗaya, ka cire wa kanka tunanin yin gasa da kaye na ƴan lakwal. Wanda ake sarowa katan-katan daga Maraɗi ya fi naka araha, kuma haka zai ci gaba da zama. Kasuwarka tana wajen masu rubuta kuɗi: mai shago da ke bin bashi, dillalin gero da wake a kasuwar Tasawa, mai awon gujiya a ƙauyukan Mayahi, da matan adashe irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991. Su littafi suke so wanda zai shekara a aljihu bai zubar da ganye ba.

Da farko, kayan aiki. Ram ɗaya na takardar A4 yana da ganye 500. Sai basilla, zaren dukawa, ɗan kakin zuma, gam fari irin na kafintoci, kwali mai kauri da reza. Kada ka dama garin rogo ka yi gam da shi don neman sauƙi. Gara da kyankyasai za su riga mai littafin karanta shi.

Na biyu, ninki. Ɗauki ganye biyar, ninka su biyu a tare, ka murje bakin da bayan cokali. Wannan ƙulli ɗaya ke nan, shafi 20. Ƙulli biyar ya ba ka littafi mai shafi 100, wato ram ɗaya littafi 20.

Na uku shi ne ɗinki, kuma nan aikin yake. Yi ma'auni da guntun kwali, ka huda rami huɗu a gadon kowane ƙulli, duk a daidai wuri guda. Goga zaren a kaki don kada ya sarƙe ko ya yanka takarda. Ɗinka ƙullin farko, ɗora na biyu, duk inda ka kai ƙarshe ka saƙala zaren da na ƙasa. Ja shi sannu, ta tsawon gadon littafin. In ka ja shi sama, takarda ta yage. Shafa gam a gadon, ka danne da katako da bulo ya kwana.

Na huɗu, bango. Ƙyallen atamfa da teloli ke zubarwa ya isa rufe kwali. Gadon kuwa, nemi baduku ya yanko maka ragowar fatar jar akuyar Maraɗi. Mutanenmu sun saba ganin fata a tadarishi da gafakar malamai, saboda haka da sun taɓa sun san abu ne mai ƙarko. Lokacin hunturu gam na saurin bushewa, bango ya lanƙwashe, sai ka bar shi a danne kwana biyu.

Sai rabon lokaci. Ninki da huda aikin bayan isha'i ne. Ɗinki da gam a bar wa Asabar. Ranar kasuwa in ta faɗo ranar aiki, ajiye kayan wajen mai tebur amintacce, ku yi lissafi da yamma. Kada ka karɓi odar da ta fi abin da mako biyu za su ɗauka, ko da an zuba maka kuɗin a hannu. In ma'aikacin gwamnati ne kai, fara duba abin da dokar aikinka ta ce game da sana'ar gefe, kuma takardar ofis ba taka ba ce.

Wajen sa kuɗi, haɗa na takarda, gam, fata da motar Maraɗi, raba da yawan littattafan, sannan ka ɗora ladan hannunka, ko dala nawa ne. Jarin ya zauna a akwati daban da albashi. Ka fi ɗinkawa a watan Satumba, don da kaka ta yi, kuɗi ya shigo hannun manoma, ƴan kasuwa ke buɗe sabon lissafi.