Wasiƙa Zuwa ga Samari da 'Yan Mata Kan Kasada

'Ya'yana,

Akwai zugar da ke cinye mana yara: "Kai ba namiji ba ne?" Da ita ake ingiza yaro ranar ɗaurin aure ya ɗaga tayar babur ta gaba a tsakiyar titi, kai ba hular kwano, abokai na ta tafi da ihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma mazan da ke mutuwa a ciki sun kai wajen ninki uku na mata.

Gaskiya ne, in an duba jimla, maza sun fi mata son kasada. Sai dai son abu daban, iya shi daban. Wasu masana biyu a Amurka, Barber da Odean, sun bibiyi asusun hannun jari na gidaje sama da 35,000 daga 1991 zuwa 1997. Maza sun fi mata yawan saye da sayarwa da kashi 45 cikin 100, kuma rawar kan nan ta fi zaftare musu riba. Ganin sun fi kowa sani ne ya ja musu.

'Yan matana, kada wani ya ce muku tsoro halittar mace ne. A wani bincike da aka wallafa a 2009, a ƙabilar Masai ta Tanzaniya maza ne suka fi zaɓar shiga gasa, amma a ƙabilar Khasi ta Indiya, inda gado ke bin ɗakin uwa, mata ne suka fi. Tarbiyya na da hannu sosai. Matar da ta ɗauki kwasar adashinta ta sayi injin markaɗe ai kasada ta yi, sai dai ta fara ƙirga gidajen unguwar da ke kai niƙa nesa.

Hali kuma na kowa ne shi kaɗai. A ɗaki ɗaya za a sami wa mai taka-tsantsan da ƙanwa mai ƙarfin hali. In kai mai saurin gundura ne, jininka na tafasa da zarar ka ji sabon abu, duk harkar da aka ce maka sai yau, ka kwana a kanta. Kada ka yanke shawara a gaban abokai, domin matashi ya fi ganganci idan tsararsa na kallo. In kuwa fargaba ce ke daƙile ki, ki fara da ɗan jarin da ko ya nutse ba zai hana ki barci ba, kuma takardar neman gurbin karatun nan da kika ajiye, ki cike ta a makon nan.

Allah ya tsare min ku. Wassalam.