Yadda Ake Wasan Dungeons & Dragons

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan da ba a cinye kowa a cikinsa, suka sa masa suna Dungeons & Dragons. Ya fi kama da tatsuniya, amma irin wadda masu sauraro ne jarumanta, mai bayarwar ma bai san inda za ta ƙare ba.

Kayan wasan ba su da yawa: tebur, takarda da fensir, mutum huɗu ko biyar, sai 'ya'yan lido iri-iri, daga mai fuska huɗu har mai fuska ashirin. Ba a zuba kuɗi, kada wani ya ɗauka caca ce.

Da farko a zaɓi jagora. Shi ke riƙe da labarin, shi ne sarkin gari, shi ne dodo, shi ne kuma alƙali in gardama ta tashi.

Daga nan kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a takarda. Halaye shida ake aunawa: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini. A kan kowanne za ka jefa 'ya'yan lido huɗu masu fuska shida, ka yar da mafi ƙanƙanta, ka tara sauran ukun. Abin da ya fito, tsakanin 3 da 18, shi ne rabonka. Sannan ka zaɓi sana'a: mayaƙi, matsafi, mai warkarwa, ko gwanin sanɗa da buɗe makulli. A ganina nan hikimar wasan take, domin babu jarumin da ya haɗa komai. Mayaƙi yana shan sara ya tashi, amma rubutun da ke jikin ƙofar kogo ya fi ƙarfinsa. Matsafi zai karanta shi nan take, sai dai a farkon wasa bugu biyu sun isa su shimfiɗe shi.

Yanzu sai wasa. Jagora ya kwatanta wuri: ga gada ta ruɓe, ga kogi ya cika, ga mahara a baya. Ya ce, "Me za ku yi?" Wanda ya ce zai tsallaka, sai ya jefa mai fuska ashirin, ya ƙara ɗan makin da halinsa ke ba shi, ba lambar halin gaba ɗaya ba. Jagora yana da lambar da ya tsayar: 10 ga abu mai sauƙi, 15 ga matsakaici, 20 ga mai wuya. In an kai, an haye. In ba a kai ba, labari ya karkata, kuma sau da yawa nan daɗin yake. Akwai ƙa'ida guda da sabon shiga ke yawan mantawa: idan wani ya ce zai kama maka, jifa biyu za ka yi, ka ɗauki mafi girma. Mai ganin neman taimako gazawa ce yakan sha wanka a kogin nan kafin ya koyi buɗe baki.

Wurin da ya fi taɓa mutum shi ne lokacin da jaruminsa ya faɗi a fagen fama. Makin lafiyarsa, wanda ke raguwa duk sanda aka buge shi, ya koma sifiri, ba sara, ba gudu, ba magana. Duk zagayen da ya zo kanka jifa ɗaya kake da shi, abin da ya gaza 10 faɗuwa ne, faɗuwa uku kuwa mutuwa. Jarumin da ka shafe watanni kana raino yana kwance, kai kuma kana zaune kana kallon 'yar'uwar wasanka mai warkarwa, wadda ɗazu ka katse wa magana, tana shawarar ko ta bar nata faɗan ta zo kanka. Wanda ya saba yin komai da kansa yakan ji zaman nan ya yi masa tsawo. In ta zo, za ka ga a zama na gaba shi ne mai tambayar, "Ke me kika gani?" kafin ya taɓa ƙofa.

Zama ɗaya yakan ci awa uku zuwa huɗu. Gogaggen jagora ba ya bari a kai ƙarshen magana, yana tsayawa ne daidai lokacin da ƙofar ta fara buɗewa. Kowa ya rubuta abin da jaruminsa ya samu da abin da ya rasa, a tattara 'ya'yan lido, a shiga ja-in-ja kan ranar da duk mutum biyar ɗin za su samu sarari.