Renon Kwikwiyon da Zai Zama Jagoran Makaho

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa a cikinmu ya san ɗan jagora. Shi ne yaron nan da ke riƙe da kan sanda a gaba, makaho na riƙe da gindinta a baya, suna bin kasuwa da ƙofofin gidaje. Sau da yawa yaron nan tsaranmu ne ko ƙanenmu, kuma lokacin da muke zaune cikin aji shi yana kan hanya. To, a waɗansu ƙasashe, kamar Ingila da Amurka da Jamus da Afirka ta Kudu, kare ne ke yi wa makafi da yawa wannan aiki. Akan ɗaura masa wata ɗamara mai mariƙi a gadon baya, makaho ya kama mariƙin da hannun hagu, su kama hanya. Karen zai tsaya a bakin titi, ya kauce wa rami, ya nemo ƙofa, ya kai ubangidansa tashar mota ko wurin aiki lafiya lau.

Wanda ya ga haka sai ya ce lalle makarantar da ta koyar da karen nan ta iya aiki. Gaskiya ne ta iya. Amma masu wannan sana'a sun tabbatar da cewa babban ɓangaren aikin tun kafin kare ya shiga makaranta ake yin sa, a cikin wani gida irin na kowa, a hannun mutanen da ba a biyan su ko kwabo. Wannan reno shi ne abin da nake so mu duba.

Asalin Al'amarin

An buɗe makarantar farko ta karnukan jagora a garin Oldenburg na ƙasar Jamus a shekarar 1916, domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko. A 1927 wata Ba'amurkiya mai suna Dorothy Eustis, wadda ke kiwon karnuka a Suwizalan, ta rubuta labarin abin da ta gani a Jamus cikin wata mujalla. Aka karanta wa wani saurayi makaho mai suna Morris Frank, ya tafi wurinta a 1928, ya komo Amurka da karya mai suna Buddy. A 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda har yanzu tana aiki. A Ingila an horar da karnuka huɗu na farko a 1931, a Afirka ta Kudu kuwa wata makauniya mai suna Gladys Evans ce ta kafa ƙungiyarsu a 1953.

Da fari manyan karnuka ake samowa a horar, sai aka ga da yawa ba sa kai labari. Wani ya ji ƙarar babbar mota ya firgita, wani ya ga kyanwa ya manta da aikinsa. Sannu a hankali aka gane cewa gyaran yana can baya, a lokacin ƙuruciya. Saboda haka tun 1942 makarantar The Seeing Eye ta fara ba yaran wata ƙungiyar matasa mai suna 4-H renon 'yan kwikwiyo, watau yara 'yan makaranta kamarmu. A Ingila kuma ƙungiyar karnukan jagora ta fara neman masu aikin sa kai na irin wannan reno a 1956.

Me Ya Sa Sai a Gida?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waɗansu masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekaru suna nazarin karnuka a jihar Maine ta Amurka, suka fitar da littafinsu a 1965. Sun nuna cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na haihuwa, zuciyar kwikwiyo a buɗe take. Duk abin da ya gani ko ya ji a wannan lokaci ba tare da ya cutu ba, zai ɗauke shi abin duniya ne na yau da kullum. Da wannan lokaci ya wuce, tsoron baƙon abu sai ya fara rinjayar sha'awarsa. A wurin binciken nan an ga cewa kwikwiyon da ya kai mako 14 bai yi hulɗa da mutum ba, da wuya ya sake jiki da mutane har abada.

To, ka ga kejin makaranta, kome tsabtarsa, ba shi da jariri mai kuka, ba shi da tukunya mai faɗuwa, ba baƙo mai sallama, ba matakalar bene. Alhali kuwa makahon da za a ba karen a cikin irin waɗannan abubuwa yake zaune. Shi ya sa idan kwikwiyo ya kai mako 7 ko 8, sai a miƙa shi ga wani iyali, ya zauna da su har ya shekara ɗaya da 'yan watanni. Yawanci irin karnukan da ake kira Labrado ne, ko Goldin Ritriba, ko barbarar yanyawar su biyun, ko kuwa karen nan na Jamus da 'yan sanda ke aiki da shi. An zaɓe su ne saboda sanyin hali da son aiki da mutum, da kuma tsawon da ya dace da hannun mai tafiya a tsaye.

Aikin Yau da Gobe

Mai reno yakan tashi da sassafe, abu na farko ya fitar da kwikwiyo waje ya yi bawali da bayan gida. Akwai wuri guda da aka keɓe, akwai kuma kalma guda da ake faɗa masa a daidai lokacin da ya tsuguna. Haka za a yi ta yi bayan barci, bayan cin abinci, bayan wasa, har da tsakar dare a makonnin farko, har ya gane cewa sai an faɗi kalmar nan ake yi. Kada mu raina wannan darasi. Makaho ba ya ganin inda karensa ya yi ƙazanta. Idan shi ne ya ba da umarni, ya san wuri, ya san lokaci, zai iya kwashewa, kuma zai shiga ofis ko jirgi hankalinsa kwance.

Sai abinci. Ana auna shi da ma'auni, sau uku ko huɗu a yini tun yana ƙarami, daga baya a mayar sau biyu. Ba ya taɓa kwano sai ya zauna an ba shi izini. A Ingila akan busa usur kafin ya ci, don ya haɗa ƙarar usur da alheri. Ran da ya girma aka sake shi a fili ya yi guje-guje, makaho na busawa zai sheƙo da gudu, ba sai an bi shi ba.

Akwai kuma dokokin gida. Ba ya hawa kujera ko gado. Ba a jefa masa loma daga abincin mutane. Ba ya daka tsalle a jikin baƙo, kome murnarsa. Ba ya tsintar abu a ƙasa. Waɗansu makarantu har ƙwallo sun hana a jefa masa, domin karen da ya saba bin abu mai gudu, wata rana yara na wasa a gefen titi zai ja ubangidansa zuwa tsakiyar motoci. Kowace doka idan ka bi diddiginta za ka tarar da ran mutum a ƙarshenta. Abin da ya fi wuya shi ne dole kowa a gidan ya tsaya kan magana ɗaya. In uwa ta hana, yaro ya ba shi a ɓoye, to an rushe aikin mako guda.

Har ila yau akan saba masa da taɓawa. Kullum a shafe shi da buroshi, a duba kunnuwansa, a buɗe bakinsa, a kama ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa, makaho da hannu yake gane lafiyar karensa, likitan dabbobi ma haka. Akan kuma koya masa zama shi kaɗai na ɗan lokaci ba tare da haushi ko yaga kaya ba.

Duk wannan koyarwa ba da bulala ake yin ta ba. In ya yi daidai a yaba masa nan take, a ba shi ɗan abinci. In ya kuskure a janye hankalinsa zuwa abin da ake so, a sake gwadawa. Karen da ya tashi da tsoron hannun mutum ba zai iya yanke shawara a bakin titi ba, sai dai ya riƙa duban fuskar mai shi yana jiran duka.

Fita Ganin Duniya

Kafin ya gama allurar rigakafi, ɗaukarsa ake yi a hannu a fita da shi, ya ga motoci ya ji hayaniya ba tare da ya taka inda cuta take ba. Da ya gama, sai a sa masa 'yar riga mai nuna cewa ɗalibi ne, a fara yawo da shi a igiya, yana gefen hagu. Ana farawa da lungu mai shiru, sannan babban titi, sannan kanti, da tashar bas, da jirgin ƙasa, da asibiti, da gidan abinci inda zai kwanta ƙarƙashin tebur ƙanshin nama na dukan hancinsa bai motsa ba. Akan bi da shi kan daɓe mai santsi, da gadar ƙarfe, da matakalar da ake hango ƙasa ta tsakaninta. Ya ga mai gemu, da mai lema, da mai keken guragu, da yara masu ihu, da dawaki, da 'yan'uwansa karnuka, ya koyi wuce su ba tare da ya tsaya gaisuwa ba.

A nan ne ake gane gwanin reno. Idan ya ga kwikwiyo ya noƙe, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, ba ya jan sa da ƙarfi zuwa abin da ya tsorata shi. Sai ya ja da baya, ya bar shi ya kalla daga nesa, gobe a matsa kaɗan, jibi a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Ma'aikacin ƙungiya yakan riƙa duba ci gabansa, akan kuma tara masu reno da 'yan kwikwiyonsu lokaci-lokaci a yi darasi tare. Ƙungiya ce ke biyan kuɗin magani, a wurare da yawa har da abinci. Mai reno nasa shi ne lokaci da haƙuri, da takalman da aka tauna.

Ranar Rabuwa

Tun ran da aka kawo shi an san ba na gidan ba ne. Duk da haka, in ya kai wata 14 ko 16 aka zo ɗaukarsa, manya da yara sukan zub da hawaye, gama sabo ake yi wa kuka. Daga nan ƙwararru za su karɓe shi na waɗansu watanni, su sa masa ɗamara, su koya masa tsayawa a bakin titi da matakala, da lura da reshen da zai bugi kan mutum ko da shi kansa zai wuce ta ƙasa.

Kare ba ya karanta fitilar ba da hannu. Makaho ne ke sauraron motoci, in ya ji hanya ta buɗe ya ce a tafi. Amma idan ga mota nan tafe bai ji ta ba, an koya wa karen ya ƙi bin umarni, ya toge. Wannan ita ce ƙololuwar aikin, kuma ba mai iya ta sai karen da ya tashi da natsuwa da amincewa da kansa. Bayan haka akan haɗa shi da makahon da saurin tafiyarsu da halinsu suka zo ɗaya, su yi 'yan makonni suna koyon juna. Yakan yi aiki kamar shekara 7 ko 8 kafin ya huta. Ba duka ne ke cin jarrabawa ba. Wanda ciwo ko tsoro ya hana, akan ba shi wani aikin ko a mayar da shi karen gida, sau da yawa a hannun waɗanda suka rene shi.

Na san iyayenmu za su ce, to, yaya Musulmi da kare? Shari'a ta yarda da riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. A 2008, a garin Lesta na Ingila, majalisar malaman shari'a ta ƙasar ta ba wani saurayi makaho fatawar zuwa masallaci da karensa. Aka yi wa karen wurin kwanciya a wajen shiga, ba ya taka inda ake salla. Sauran bayani kuwa na malamanmu ne.

Abin Lura

Idan dabbar da ba ta magana tana bukatar shekara guda ta kulawa, da magana ɗaya daga mutanen gida, da yabo a kan kari, kafin a amince mata da ran mutum, ina ga ɗan Adam? Malaman makaranta suna ɗora gini ne a kan harsashin da aka kafa a gida. Mu kuma ɗalibai, ƙannenmu na kallon abin da muke yi fiye da abin da muke faɗa.

Sa'an nan mu tuna da abin da ya sa mutanen can suke shan wannan wahala, watau don makaho ya fita da ƙafarsa, ya yi karatu, ya yi sana'a, ba tare da an tsare wani yana jan sa ba. Ko da kare ko da farar sanda, wannan buri ya kamata ya zama namu, domin makahonmu ya sami 'yancinsa, ɗan jagoransa kuma ya sami kujera a cikin aji. Allah ya ba mu ikon yin haka, amin.