Ambaliyar Asawase: Kuna Buga Ƙofar Da Ba Ita Ba

Kowace shekara, da ruwan watan Yuni ya sauka da ƙarfi, rafin Aboabo ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga ɗakunan mutane a bakin Pelele da gangaren Sawaba, tambaya ɗaya ce ke zagaya majalisun ataya da ƙofofin masallatai: ina Honorabul yake? Ana nufin ɗan majalisar dokoki mai wakiltar Asawase a Akra. Wasu kuma su ce ai an ba asambuliman, wato zaɓaɓɓen wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, kuɗin yashe gota, ya yi sama da faɗi da su. Maganar ta daɗe tana yawo har ta zauna a zukatan mutane, kuma tana cikin dalilan da suka sa gota ɗaya ke toshewa a wuri ɗaya damina bayan damina. Doka ta fayyace wanda ke da alhakin magudanan unguwa da kwashe bola da ba da izinin gini a Asawase, kuma wannan nauyi yana wuyan majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong, wadda kowa ke kira Asambuli. Muddin jama'a suna kai kukansu wani wuri, suka bar wannan ofishi ba mai tambayarsa komai, damina za ta ci gaba da tarar da unguwar yadda ta bar ta bara.

A shekarar 2012 aka yanke yankin Asawase daga hukumar birnin Kumasi, wato KMA, aka ba shi majalisarsa mai hedikwata a Asokore Mampong. Har yau akwai masu gidaje da ke tafiya ofishin KMA a Adum da takardar ƙorafi, a ce musu ba nan ba ne, su dawo gida su ce gwamnati ba ta sauraron Zango. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ɗora wa Asambuli tsara ci gaban yanki, da kula da tsabtar muhalli, da ba da izinin gini, da kafa dokokin cikin gida da hukunta wanda ya karya su. Ɗan majalisar dokoki yana da kujera a zauren Asambuli, amma tsarin mulkin 1992 bai ba shi ƙuri'a a wurin ba. Ɗan kason da ake ware masa daga asusun raya ƙananan hukumomi, shi ma ta hannun Asambuli yake fita, kuma ba kuɗi ne da za su gina babbar magudana ba. Alhaji Muntaka Mubarak yana riƙe da kujerar Asawase tun zaɓen cike gurbi na 2005, ya zauna a ɓangaren masu mulki, ya zauna a ɓangaren adawa, a 2025 ya zama ministan cikin gida, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa mayar da yashe gota aikin ofishinsa ba. Yana iya bin ma'aikatu ya nemo wa mazaɓarsa aiki, kuma daidai ne a tambaye shi me ya nemo. Amma abin da aka samu ta wannan hanya yakan zo bana ya ƙi zuwa baɗi, alhali abin da doka ta wajabta wa Asambuli ana iya binsa bashi kowace shekara.

Batun asambuliman kuwa ya fi ban haushi, domin zargin da ake yi masa yana ɓoye ainihin inda ya kamata a kama shi. Ba a ba shi kasafin kuɗi ya riƙe a hannunsa, kuma ba shi ke ba da kwangila ba. Shekaru da dama ko albashi ba shi da shi, sai alawus ɗin zaman taro, har zuwa 2025 da gwamnati ta fara ware wa 'yan Asambuli alawus na wata. Abin da yake da shi murya ce da ƙuri'a, kuma ba ƙaramin makami ba ne. Sai da amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka halarci zama ake tabbatar da shugaban ƙaramar hukuma, wato MCE, kuma su ne ke amincewa da kasafin shekara da kuɗaɗen da za a karɓa daga 'yan kasuwa da masu gidaje. Dokar ta kuma umarci asambuliman ya gana da mutanen mazaɓarsa kafin kowane babban zama, ya kai ra'ayinsu, ya dawo ya faɗa musu abin da aka yanke. Wannan shi ne abin tambayarsa: yaushe ka kira mu, me ka faɗa a zauren, wane layi ne a kasafin bana ya ambaci gotarmu? Mu kuwa mun mayar da shi mai halartar suna da jana'iza da sasanta rigimar 'yan haya. Ranar zaɓensa ma ba ma fita. Tun daga 2002 yawan masu jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomin Ghana bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, alhali a babban zaɓen 2020 kusan kashi 79 ne suka fito. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na baya-bayan nan a Disambar 2023, tare da na kwamitin unguwa mai mutum biyar, kuma da za a bi gida gida a tambayi sunayen mutum biyar ɗin da ke wakiltar layin, da an ji kunya.

Dalilan ambaliyar ba boyayyu ba ne, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Kumasi tana samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Yuli, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Tsakar gida da layi duk an malale da siminti, don haka ruwan da dā ƙasa ke shanyewa yanzu gudu yake yi zuwa gota. Yashin hanyoyin da ba a yi wa kwalta ba yana bin sa, gidaje sun matse bakin rafi, sauran aikin kuma leda ce ke ƙarasa shi.

A kan ledar nan zan tsaya, don nan ne hannunmu yake dumu dumu. Ɗabi'ar nan ta jiran hadari ya haɗu, ruwa ya tsinke, sai a aiki yaro ya juye kwandon bola a gota wai ruwa zai tafi da shi, ita ce mafi munin abin da ake yi wa unguwar nan. Ruwa ba ya tafiya da shi ko'ina. Yana kai shi bakin kwalbati na farko, inda magudana ta tsuke a ƙarƙashin titi, ledar piya wata da roba da tsumma su saƙe a wurin, yashi ya taru a bayansu, cikin mintuna su zama bango. Ruwan da ya rasa hanya sai ya koma baya ya haura, kuma ɗakin da ya fi kusa da ƙasa shi ne zai fara sha, sau da yawa ɗakin talakan da bai zubar da komai ba. Hajiya da ke saman tudu ta rabu da sharar gidanta, maƙwabciyarta ta gangare ta kwana tana kwalfe ruwa da bokiti. Kuma ruwan da ya shiga ɗakin ba ruwan sama zalla ba ne, domin a unguwar da gidaje da yawa ba su da bayan gida, akwai abin da ake ƙullewa a baƙar leda a jefa gota da dare, kowa ya san shi. Ta nan kwalara da taifod ke shiga rijiya da bututun famfo da ya tsage a cikin gota. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Ghana, ta kashe fiye da 240, kuma saboda ita aka ƙirƙiro ranar tsabta ta ƙasa a Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle suka hallaka mutum fiye da 150 a Akra. Duk wanda ya ga yaro yana wasa a ruwan ambaliya ya fitar da shi ya wanke shi da sabulu, wanda kuma zawo mai ruwa ruwa ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari a wuce da shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, to ina za mu kai bolar? Kwantenar unguwa takan cika ta kwana da kwanaki ba a ɗauka ba, mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na kwasar shara, kuɗi yake karɓa a kan kowane buhu, wani ma idan ya karɓa bai kai ta juji na Oti da ke Dompoase ba, sai ya sami lungu a bakin rafi ya juye. Duk haka ne, kuma hujja ce a kan Asambuli, domin ita ce ke ƙulla yarjejeniya da kamfanonin kwasar shara, ita ce ke da ikon yi wa masu aboboya rajista, ita ce ke da ma'aikatan duba gari, tankas ɗin da kakanninmu ke tsoro. Mutumin da ya juye bola a gota ya rage wa ofishin aiki ne, ya kuma ba shi uzurin da zai fake da shi gobe, cewa mutanen Zango ne ba sa ji. Uzuri na biyu da ofishin ke yawan bayarwa shi ne babu kuɗi. Tsarin mulki ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ga asusun ƙananan hukumomi, kuma gaskiya ne kuɗin sukan yi jinkiri, gaskiya ne kuma an daɗe ana yanke wani kaso tun daga Akra kafin su iso, abin da ya sa kasafin 2025 ya yi alkawarin tura kashi 80 kai tsaye. Amma Asambuli tana karɓar harajin gidaje da tikitin kasuwa da lasisin shago da kuɗin izinin gini. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi a nuna masa nawa aka tara, nawa aka kashe a tsabta. Mai gidan da bai biya harajinsa ba, ko ya biya bai karɓi rasit ba, shi ya raunana bakinsa da kansa.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi. Rafin Aboabo ba a Asawase ya faro ba. Daga wajen Pankrono yake gangarowa, ya ratsa Moshie Zongo da Buokrom kafin ya iso, sannan ya wuce Anloga ya haɗu da rafin Sisa. Ma'ana ruwan da bolar wasu ƙananan hukumomi ne ke sauka a kanmu, namu kuma ya sauka a kan mutanen Oforikrom da Asokwa. Babbar magudana irin wannan ta fi ƙarfin aljihun Asambuli ɗaya, shi ya sa aka kafa hukumar kula da magudanan ruwa ta ƙasa a 2022, gotocin manyan tituna kuma suna hannun sashen hanyoyin birane. To amma waɗannan hukumomi ba sa karɓar aiki daga majalisar ataya. Buƙata tana hawa ne daga tsarin ci gaban Asambuli, ta bi ta majalisar daidaita ayyuka ta yankin Ashanti, kuma a nan ne ɗan majalisar dokoki ke da amfani, ya bi takardar da ta riga ta shiga layi. Wasu za su ƙara da cewa MCE shugaban ƙasa ne ya naɗa shi, ba ya tsoron ƙuri'armu. Wannan aibi ne na gaske a tsarin, kuma ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya yi a Disambar 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, wadda aka ɗaura batun zaɓen MCE a kanta, an soke ta ana saura makonni. Duk da haka kashi 70 cikin ɗari na 'yan majalisar da ke zaune a gabansa zaɓaɓɓu ne, kuma doka ta ba su ikon jefa masa ƙuri'ar rashin amincewa.

Abin yi yana da lokaci, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Ihun watan Yuni ba ya samar da kuɗi a Yuni, domin kasafin shekarar an rufe shi tun bara. Amfanin damina shi ne tara shaida: a ɗauki hoton kwalbatin da ya toshe, a rubuta rana, a auna inda ruwa ya kai a bango, a lissafa gidajen da ya shiga. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa kuma ofisoshi ke fara haɗa kasafin baɗi, kwamitin unguwa da mai unguwa da limami da magajiyar mata su sa hannu a takarda ɗaya, a ambaci gota ɗaya ko biyu da sunan layinsu, kada a rubuta "matsalolin Zango" gaba ɗaya. A miƙa wa babban daraktan Asambuli, a ba asambuliman kwafi, a karɓi hatimin shaidar an karɓa. Idan shiru ya yi yawa, akwai kwamitin karɓar ƙorafin jama'a a ƙarƙashin shugaban zauren majalisar, doka ce ta kafa shi, kuma kusan ba mai zuwa wurinsa. A nemi yashe gota ya kasance a Fabrairu ko Maris, kafin ruwan fari, a kuma rubuta ƙarara cewa motar kwashe yashin ta zo a ranar. Aikin gayya da samari za su shiga gota ba safar hannu ba takalmin roba, su tara baƙin laka a bakin titi, a ɗauki hoto da manyan baƙi a watse, ruwan dare ya mayar da lakar inda ta fito, ɓata ƙarfin yara ne kawai.

Sauran maganar ta masu gidaje ce da shugabanninmu. Wanda ya ƙara ɗaki a kan hanyar ruwa ba da izini ba, in aka shafa masa jan fenti a bango, sai ya tashi tawagar dattawa zuwa fada a je a roƙa masa, kuma sau da yawa a dace. Sarakunan Zango da limamai suna da girman da ofishi ke jin nauyinsa, kuma abin takaici ne a kashe wannan girma wajen ceto katangar mutum ɗaya da ke tura ruwa cikin gidaje ashirin. Haka wanda ya mayar da bayan gidan gidansa ɗakin haya, ya bar mutum talatin suna layi a na gwamnati, dokokin tsabta na Asambuli sun ba tankas damar kai shi kotu. Idan ma'aikacin ya zo da sammaci, maƙwabta su bar shi ya yi aikinsa, dattawan unguwa kuma su ƙi rakiyar mai gidan zuwa wurin MCE neman alfarma.