DARASI: KOYON WASAN TANIS BA YA SON DOGON LAYI

Tanis wasa ne da mutum biyu ko huɗu suke yi. Ana ɗaura raga a tsakiyar fili. Kowane ɗan wasa yana riƙe da raket, wato abin buga ƙwallo. Aikinsa shi ne ya buga ƙwallon ya haye raga. Gasar tanis mafi daɗewa ita ce ta Wimbildon a ƙasar Ingila. An fara ta a shekarar 1877.

Ina matsalar take?

Sau da yawa yara goma sha biyu sukan zo koyo, fili kuwa ɗaya ne. Sai mai koyarwa ya jera su a layi. Ya jefa wa na gaba ƙwallo, ya buga, ya koma baya. Sauran sha ɗaya suna tsaye suna kallo. Idan aka raba awa ɗaya ga yara sha biyu, rabon kowa minti 5 ne kawai. Sauran minti 55 a jira za su ƙare.

Yaron da ya daɗe a tsaye yakan gaji. Daga nan sai surutu da tsokana. Wani ma ba zai sake dawowa ba. Ba a koyon noma da kallon mai noma. Haka ma tanis, sai hannu ya yi ta bugu.

Mene ne magani?

1. A raba filin. Tsawon filin tanis mita 23.77 ne, faɗinsa kuma mita 10.97. Ana iya yanka shi gida huɗu, yara su riƙa bugawa ta faɗinsa. Inda babu ƙaramar raga, igiya ma ta isa.

2. A raba yaran uku-uku. Biyu suna bugawa, na ukun yana ƙidaya maki yana tsintar ƙwallo. Bayan minti biyu ko uku sai su canja. Kamar aikin gayya ne, kowa da kunyar da yake nomewa.

3. A nemi ƙwallo marar gudu. A shekarar 2007 Hukumar Tanis ta Duniya ta fara yaɗa tsarin koyar da masu farawa da ƙwallo iri uku: ja, ruwan lemo da kore. Jan shi ne mafi rashin gudu, koren kuma ya fi kusa da na manya. Ƙwallo marar gudu yana ba yaro damar isa wurinsa ya mayar. Ta haka yara suke iya bugawa da junansu, ba sai mai koyarwa ya jefa musu ba.

4. A haɗa tsara da tsara. Idan aka haɗa gwani da sabon shiga, ɗaya zai ƙosa, ɗaya ya karaya.

5. A sa musu abin nema. Misali, a ce kowane biyu su mayar wa juna ƙwallo sau goma bai faɗi ba. Waɗanda suka cika goma su nemi sha biyar.

6. A taƙaita bayani. Mai koyarwa ya nuna abu ɗaya, ya yi magana kaɗan, ya bar su su gwada. Shi kuma ya riƙa zagayawa yana gyara wa kowa.

Hattara

A bar tazara tsakanin yara don kada raket ya bugi wani. A kwashe ƙwallon da ya faɗi a fili, domin taka shi yana kawo targaɗe. Lokacin zafi a yi wasa da safe ko da yamma, a riƙa tsayawa ana shan ruwa.

Mai koyarwa yana iya auna aikinsa da kansa. Ya ɗaga kai ya ƙirga yaran da suke tsaye ba aiki. Idan sun fi masu bugawa yawa, tsarinsa yana bukatar gyara.

Tambayoyi

1. Minti nawa ne rabon kowane yaro idan sha biyu suna layi ɗaya na awa guda?
2. Mene ne aikin yaro na uku?
3. Me ya sa ake son ƙwallo marar gudu?