Darasin Wata: Rumbun Mai-bi

Karatu: Farawa 41:25-57, Luka 12:13-21

Wata rana da kaka bayan sujada, wani dattijon ekklesiya ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Pasto, ina da tambaya. Yesu ya hana mu damuwa da gobe. To, ni da na cika rumbu uku, na liƙe ɗaya don baɗi, na yi rashin bangaskiya ke nan?" Na ce masa, "Baba, a'a, amma ka ba ni lokaci in ba da amsa da kyau." Amsar ke nan na ke rubutawa, gama na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Akwai kuma waɗansu da ba su tambaya, sai dai su sayar da hatsinsu duka kafin Kirsimati, idan an yi masu magana su ce Allah zai tanada.

Bari mu fara da wurin da su ke ɓuya. A cikin Fitowa 16 Allah ya ba Isra'ilawa manna kowace safiya, ya hana su ajiye ta. Waɗanda suka ƙi ji suka ajiye, ta yi tsutsa ta yi wari. Gaskiya ne. Amma ku lura da abu biyu. A rana ta shida an umurce su su tara ninki biyu saboda Asabar, wannan kuwa bai ruɓe ba. Watau ko a jeji akwai ranar da ajiya ita ce biyayya. Na biyu, ku buɗe Joshuwa 5:12. Ran da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, kashegari manna ta daina sauka. A jeji ba gona, ba damina, ba kaka, shi ya sa Allah ya ciyar da su rana rana. Mu a ƙasar Zuru ba a jeji mu ke ba. Allah ya kan ba mu abincin wata goma sha biyu cikin 'yan makonni, tsakanin Nuwamba da Disamba sa'ad da a ke yankan dawa. Wanda aka danƙa wa abincin shekara a hannu, ya watsar da shi cikin wata uku, ba shi da bakin cewa Allah bai tanada ba.

Abin da Ubangiji ya hana cikin Matta 6 shi ne alhini, irin wanda ya ke hana mutum barci, ya sa shi manta yana da Uba. Bai hana lissafi ba. Shi da kansa, bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace, har suka cika kwando goma sha biyu (Yohanna 6:12, 13). Wanda ya ke da ikon yawaita gurasa bai yarda a zubar da ragowa ba.

Yanzu mu duba Yusufu. Yana da shekara talatin sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Bayan ya fassara mafarkin, bai tsaya nan ba, ya ba da shawara mai-ƙididdiga: a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa dukan shekaru bakwai na ƙoshi. Ya fara ajiya tun ana cikin wadata, lokacin da mutane za su iya yi masa dariya. Ga kuma wani abu a aya 48 da mu kan wuce ba mu gani ba. Bai kwashe hatsin Masar ya tara a wuri ɗaya ba. Kowane birni ya ajiye amfanin gonakin da ke kewaye da shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Amma ba dukan abin da ya faru a Masar ne a ke so mu kwaikwaya ba. A sura 47 mutane suka sayi hatsi da kuɗinsu, da kuɗi ya ƙare suka ba da dabbobi, daga baya gonakinsu da su kansu suka zama na Fir'auna. Wannan sha'anin sarauta ne na zamanin, ba ka'idar ekklesiya ba ce. Mai-bi wanda ya ke jiran watan Agusta don ya karɓi gonar maƙwabcinsa jingina a kan dami biyar, ya karanta Misalai 11:26, inda aka ce jama'a su kan la'anci mai-ɓoye hatsi, su sa wa mai-sayarwa albarka.

Nan ne bambancin Yusufu da mawadacin nan na Luka 12 ya ke. Dukansu biyu sun gina rumbuna. Allah bai kira mawadacin wawa don ya gina rumbu ba. Ku karanta maganarsa, ku ƙidaya sau nawa ya ambaci kansa da kayansa. Babu mata a ciki, babu yaro, babu maƙwabci, babu baƙo, babu Allah. Yusufu ya tara don a buɗe wa mutane, shi kuwa ya tara don ya kwanta a kai.

Mutanen ƙasan nan ba sai an koya masu yunwa daga littafi ba. Tsofaffi a ƙasar Hausa sun ba yunwar 1914 suna Kakalaba. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Mu ma da idonmu mun ga abin da ya ishe mu wa'azi. A 2020 cutar korona ta sa aka tsare hanyoyi, a damina ta wannan shekara kuma ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu-yawa a jihar Kebbi. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen mudu ɗaya a kasuwa don babu tsaba a hannu. A watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, tsadar abinci ta bi shi. Mafi zafi duka, 'yan bindiga sun kori 'yan'uwanmu da yawa daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, waɗansu sun iso Zuru da Dabai da tufafin jikinsu kaɗai. A kowane ɗaya cikin waɗannan, gidan da ya ke da hatsi a ɗaka ya sami sauƙi, ya kuma sami abin ba wani.

To, yaya za a yi? Abu na fari lissafi ne, shi ne kuwa mu ke gudu. Maigida da uwargida su zauna tare. Na ce tare, gama mace ce ta san mudu nawa ke shiga tukunya, miji sau da yawa zato ya ke yi. Ku auna na mako ɗaya. Idan gida yana cin mudu 2 a rana, wata ɗaya mudu 60 ke nan, shekara mudu 720. A kan wannan a ƙara iri, a ƙara zakka ta Ubangiji, a ƙara rabon baƙo, a ƙara na wata biyu ko uku saboda ko ruwa ya yi jinkiri. Abin da ya ragu bayan haka, shi ne na sayarwa. Mu kan yi akasin haka: mu sayar da fari, sa'an nan mu ci abin da ya ragu.

Na sani akwai kuɗin makaranta, akwai bashin taki, akwai asibiti. Ban ce kada a sayar ba. Amma ina da magana a kan biki. Da kaka kowa yana kai hatsi kasuwa, saboda haka yana araha. 'Yan kasuwa su saya su tara. A Yuli da Agusta, sa'ad da aikin gona ya fi tsanani, jiki kuma ya fi bukatar tuwo, sai mu koma mu sayi dawarmu ta jiya da tsada, wani lokaci da bashi. Na ga gidan da aka kashe buhu takwas a bikin aure na kwana biyu, a tsakiyar damina kuwa amarya da ango suna ƙodago a gonar wani don su sami na dare. Hatsin da a ke jiƙawa don burkutu ba sai na yi dogon zance a kansa ba, kun san abin da ekklesiya ta ke koyarwa. Sai dai in ce, ko ba don zunubin maye ba, abincin yara ne a ke shanyewa.

Abu na biyu shi ne yadda a ke ajiyewa, gama ajiyar da ƙwari suka ci ba ajiya ba ce. Kakanni sun san dawa da gero sun fi daɗewa a zangarniya cikin rumbu bisa ga wanda aka sussuke. Sun ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara da laima, suna yaɓe shi, suna sabunta jinka kafin ruwa ya sauko. Kada a zuba sabon hatsi a kan tsoho. A share rumbu sarai, a ci tsohon tukuna. Hatsi kuma ya bushe ƙwarai kafin a rufe shi. Ga gwaji mai-sauƙi: a sami kwalba busasshiya, a zuba gishiri busasshe kaɗan da hatsi, a rufe a girgiza, a bari ya ɗan jima. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Masara da gyaɗa da aka ajiye da danshi su kan yi fumfuna, a cikinta kuwa akwai dafi mai-lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi.

Wake shi ne mai-wuyar sha'ani. Iyayenmu mata su kan gauraya shi da toka cikin tulu su liƙe baki, dabara ce mai-kyau har yanzu. Jarka mai-tsabta da aka cika fal aka toshe ita ma tana yi. Akwai kuma buhun nan mai-riɓi uku da a ke kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Kamaru, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Asirinsu duka ɗaya ne: idan iska ba ta shiga, ƙwaro ya kan mutu. Saboda haka leda mai-huda ba ta da amfani, kuma ba a buɗewa kowace rana. Ina roƙonku da sunan Ubangiji, kada ku zuba maganin feshi irin su Sniper a cikin abin da za a ci. Saboda irin wannan magani ne ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin da baƙi suka ƙi saya, mu kan ba 'ya'yanmu. Ƙwayar nan mai-hayaƙi da a ke sa wa cikin buhu kuma, kada a ajiye buhun a ɗakin da mutane ke kwana, gama hayaƙinta yana kisa.

Tuwo ba ya tafiya shi kaɗai. A shanya kuɓewa da kuka da barkono da yakuwa a lokacinsu, a ajiye daddawa da gishiri da mai. Ashana, da sabulu, da tocila, da itace busasshe kafin marka. Wanda ya ke shan magani kullum, kamar mai-hawan jini ko ciwon sukari, kada ya jira ƙwayar ƙarshe kafin ya nemi wani. Kowace uwa ta san haɗin ruwan gishiri da sukari don gudawa: ruwa mai-tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Yanzu mu koma ga aya 48. Dā wuta da ɓera da gara su ne abokan gaban rumbu. Yau an ƙara da masu-ƙone rumbu da gangan. Ba na son in tsorata kowa, amma wanda gonarsa ke nesa cikin daji, kada ya bar dukan amfaninsa a can. Ya raba. Wani a gida, wani wurin ɗan'uwa amintacce a cikin gari, a rubuta a takarda gaban shaidu biyu don kada zumunci ya ɓaci daga baya. A kuma haɗa takardun gida, da katin shaida, da ɗan kuɗi, da gari ko ƙuli-ƙuli na kwana biyu, a wuri ɗaya da kowa a gidan ya sani, ko da za a tashi da dare. Kakannin mutanen Dabai da suka zauna a kan duwatsu a zamanin hare-hare ba marasa-ƙarfin zuciya ba ne, sun san zamaninsu ne.

Amma mutumin da ya gudu ya bar rumbunsa yana cin wuta, duk dabarun nan ba su amfane shi ba. Rumbunsa yanzu shi ne namu. A Ayyukan Manzanni 11:27-30 annabi Agabus ya faɗi za a yi babbar yunwa, aka kuwa yi ta a zamanin Kalaudiyus. Masu-bi na Antakiya da suka ji, ba su ruga kasuwa kowa ya saye wa kansa ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Bulus kuma ya koya wa Korintiyawa su riƙa keɓe wani abu kowace ranar farko ta mako, don kada a tashi tarawa sai ya zo (1 Korintiyawa 16:2). A ƙasar Mizoram ta Indiya, tun 1910 matan ekklesiya su kan ɗebi shinkafa tafi ɗaya su ajiye gefe kowane lokacin da za su ɗora tukunya, su kai wa ekklesiya. Gidan ba ya jin rashin tafi ɗaya, amma da shi suka riƙe masu-bishara shekara da shekaru.

Ba na ganin abin da zai hana Zumuntar Mata ta yi haka da dawa. Hatsin da a ke kawowa ran godiyar kaka kuma, kada a yi gwanjonsa duka a ranar. Dattawa su keɓe kashi, a sa a ɗaki mai-makulli biyu, ɗaya a hannun dattijo, ɗaya a hannun shugabar mata, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a. Ba za a buɗe ba sai a Yuli, ko kuwa ran da baƙin dole suka iso. Idan sun iso kuwa, ba a tambayar mai-yunwa inda ya ke sujada kafin a auna masa.

A taron addu'a na makon nan, kowane gida ya zo da amsar tambaya ɗaya a rubuce: hatsin da ke gidanmu yau, a wane wata zai ƙare? Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ya rubuta masa.