Nasiha ga Jama'ar Dogo Game da Hasashen Damina

Idan bazara ta tsananta, cibiyar AGRHYMET ta Yamai kuma ta bayyana hasashenta na damina, wajibi ne mai hankali ya saurara, domin ko da yake sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai, riƙon sababi ba ya kore tawakkali. Kada ruwan farko ya ruɗe ku ku zuba iri duka, sai ƙasa ta jiƙu. Tun kafin Agusta, a yaɓe katangu, a gyara indararo, a nisanta rumbuna daga kwarin Korama, gama wanda ya tuna yadda ruwan Satumba 2024 ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ya tabbata ginin ƙasa amana ne. Allah Ya kiyashe mu.